Daga Fijo 504 zuwa Golf: tarihin milimita ɗaya da ke cinye kuɗin direbobin Illela

1/ Ni ɗan Araba ne, nan bakin iyakarmu da Ƙonni, kuma injiniyancin ƙere-ƙere nake karantawa a jami'a. Yau zan ba ku tarihin wata 'yar tazara da ba ta wuce kaurin katin ATM da kaɗan ba: tsakanin kan fistan da tof silinda. Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Mu fara da abin da makanikai ke kira kwamfureshan. Fistan na sauka, silinda ta cika da iska da fetur. Sai ya hau ya matse su cikin ɗan ramin da ya rage a sama, fulogi ya ba da wuta. Idan ka raba girman wurin lokacin da fistan ke ƙasa da girmansa lokacin da ya kai ƙololuwa, lambar da ka samu ita ce ma'aunin matsi. 9:1 na nufin an cusa abin mudu tara cikin mudu ɗaya.

3/ Matsi mai yawa, ƙarfi mai yawa daga mai kaɗan. Injiniyoyi sun san haka tun farko. Amma injin Nikolaus Otto na 1876 matsinsa wajen 2.5:1 ne, Ford Model T ta 1908 kuma ba ta wuce 4.5:1 ba. Me ya hana su ƙarawa? Fetur ɗin zamanin.

4/ Da ka matse fetur mara kyau sosai, ragowar da ke gefen silinda ba ta jiran wutar fulogi ta iso. Sai ta fashe da kanta, ka ji "ƙyal-ƙyal-ƙyal" kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa ko da lodi. Ku lura fa, wannan daban ne da abin da muke nufi in mun ce "inji ya yi nokin", wato metal ya cinye karanshaf ya tsaya. Amma na farkon in ya daɗe yakan fasa rin, ya huda fistan, ya ƙona gasket.

5/ Mutum biyu suka tunkari matsalar ta hanya biyu. Na farko Harry Ricardo a Ingila, wanda ya ƙera injin tankokin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya gina inji na gwaji da ake iya sauya matsinsa, yana zuba mai iri-iri yana jin inda kowanne zai fara ƙara. A wajen 1919 ya fito da wani fasalin tof da ya canza komai.

6/ Dabarar ita ce: a bar wani sashe na tof ɗin a shafe, fistan ya matso kusa da shi ƙwarai kamar zai taɓa. Iskar da ke tsakani sai ta fice da gudu zuwa wajen fulogi, kamar yadda ruwa ke tsartuwa in ka tafa hannu a cikin bokiti. Wannan guguwar na gauraya man, wuta ta ci da sauri kafin ragowar ta samu damar fashewa. Ɗan abin da ya maƙale a tazarar kuma ƙarfe na shanye zafinsa.

7/ Amma sai tazarar ta yi daidai. Masu haɗa injin gudu yawanci suna neman wajen milimita 0.9 zuwa 1.1 in rodin fistan na ƙarfe ne. Ƙasa da haka sosai, in inji ya ɗau zafi ana taka totur, rodi na ɗan miƙewa, fistan na ɗan karkata, sai ya sumbaci tof. Sama da haka sosai, guguwar ta mutu, ƙarar ta dawo.

8/ Na biyu Thomas Midgley na General Motors a Amurka. A Disamba 1921 ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur na kashe ƙarar. An fara sayar da shi a Dayton a 1923. A Oktoba 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey, wasu bayan sun haukace. Aka ci gaba da sayarwa.

9/ Mu 'yan wannan yanki ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. To irinta duniya ta yi shekaru tana hurawa ta salansa don a samu ƙarin matsi. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

10/ Lambar oktan da kuke ji, Graham Edgar ne ya tsara ma'auninta a tsakiyar shekarun 1920. Ma'anarta kawai: yaya man ke jure matsi kafin ya fashe da kansa. Fetur na gama-gari a Turai 95 ne. Namu wajen 91. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

11/ Yanzu mu dawo gida. Peugeot 504, Fijo a bakinmu, ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin PAN a Kakuri, Kaduna, ya fara haɗa motoci a 1975, zamanin Gowon. A wannan shekarar dai Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504. Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ku tambayi duk dattijon direba a tashar Illela wace mota ce ta riƙe hanyar Sakkwato, za ku ji.

12/ Injinta mai cc 1971: faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistan 81, matsi ƙasa da 9:1. Silib ɗinta ana zare su a sa sababbi tare da fistan da rin, inji ya koma kamar sabo ba tare da an faɗaɗa bulok ba. A ganina sirrin Fijo ke nan. Mutane na cewa ƙarfen da ne mai kyau. Ni ina ganin an bar mata wurin yafiya ne: mai mara kyau, zafin Afrilu, taimin da aka saita da kunne, duk tana haɗiyewa.

13/ Bari mu yi lissafi, kar ku gudu 😅 Kowace silinda ta 504 cc 493 ce. In matsin 8.8:1 ne, ramin sama wajen cc 63 ke nan. Lagireto ya toshe, inji ya tafasa, tof ɗin alminiyam ya lanƙwashe, aka kai aka share fuskarsa. In an ci milimita 1, za a iya rasa har cc 6. Matsi ya koma wajen 9.6:1. Ba wanda ya nemi haka, ba wanda ya auna. Direba dai ya ji mota ta ƙara ja, ya yi murna.

14/ Sai zamani ya juya. Motocin Kwatano suka cika kasuwa, suna bi ta Nijar suna shigowa ta iyakoki irin tamu, har gwamnati ta hana shigo da mota ta ƙasa daga Janairu 2017. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta gaji Fijo a hanya. Ku tsaya bakin titi ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, ku ƙirga su, buhuna har saman but.

15/ Wasu injinan Golf masu cc 1781 matsinsu 10:1 ne tun daga kamfani, don man Turai aka yi su. Silinda cc 445, ramin sama bai kai cc 50 ba. Rage cc 4 kawai wajen sharar tof, ka kai 10.8:1. A kan mai 91. In an samu na jarka ma. A shekarun da kananzir ya fi fetur araha, wasu 'yan bumburutu na gauraya su, kananzir kuwa oktan ɗinsa a ƙasa yake ƙwarai.

16/ Ku tuna kuma a Nuwamba 2019 kwastan suka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Araba a kan layin take. Direba ba shi da zaɓin abin da zai zuba.

17/ Ga inda abin ke ba ni haushi. Inji ya fara ƙyal-ƙyal bayan an share tof, sai wani ya ce a sa gasket mai kauri, ko ma a ninka biyu. Eh, matsi zai sauka. Amma sharar tof ba ta taɓa tazarar fistan da shafaffen sashen tof ba. Kaurin gasket da tsayin bulok ne ke yanke ta. Ka ninka gasket, tazarar Ricardo ta tashi daga milimita 1 da 'yan kai zuwa sama da 2. Ka sauke matsi, ka kashe guguwar. Mota ta rasa ƙarfi, ta ƙara shan mai, wani lokacin ƙarar ma ba ta tafi ba. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, wa ke da lita ta wasa?

18/ Abin da sharar tof ke matsowa kusa da fistan shi ne bawul. A injin da kamshaf ke sama kamar Golf, tana kuma ɗan goce taimin, don tazarar kamshaf da karanshaf ta ragu.

19/ Masu Golf ta gas sun fi kowa sanin darajar wannan awo. Gasket ɗin Volkswagen na dizal na zuwa da alama, huda ko tsaga ɗaya, biyu ko uku, kowanne da kaurinsa. Ana auna yadda fistan ya leƙo saman bulok kafin a zaɓa. Matsin tsofaffin injinan nan ya haura 20:1, kuskuren rabin milimita ya isa.

20/ Kuma awon ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Sirinji na kemis, ɗan gilashi mai huda da man birki ko kananzir sun isa a auna cc na ramin tof. Don tazara, a ɗora guntun wayar dalma mai laushi a kan fistan, a ɗaure tof da tsohon gasket irin wanda za a sa, a juya inji da hannu, a kwance, a auna yadda wayar ta baje. Aikin awa ɗaya ne. In za ka kai tof a share, tambayi mai injin nawa zai ci, sannan ka tambayi makanikinka sau nawa aka taɓa share wannan tof ɗin kafin ya zo hannunka.