Madubi

madūbī *sn., nj.; jm.* màdū̀bai.

1. Gilashi mai nuna kamannin abu: *amarya ta duba ~.*

2. *~n ido*: tabarau.

3. *~n hangen nesa*: na'urar kallon taurari: *~n SOAR a Chile, faɗinsa mita 4.1.*

4. *(kim.)* *ƙwayar ~*: mitsitsin madubi mai karkata, dubbai jere a faifai guda, ƙirƙirar Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments, 1987. A madubin hangen nesa, kowace ƙwaya kan tura hasken tauraron da aka zaɓa cikin na'urar rarrabe launukan haske, ko ta kawar da shi gefe. Haka wata na'ura mai suna SAMOS ke aiki a kan SOAR: *an gwada ƙwayoyin ~ a tsananin sanyi.*

*Dangi:* dūbā̀ *fi.*, duddū̀bā *fi.*