Amosanin gaɓɓai: Dalilin da ya sa kashe zafi kaɗai ba ya wadatarwa

Amosanin gaɓɓai, wanda jama'a kan haɗa shi da sauran ciwukan ƙashi su kira su duka sanyin ƙashi, cuta ce da garkuwar jiki ke far wa tantanin da ya lulluɓe mahaɗar ƙasusuwa. Sanyin hunturu ba ya haddasa ta, kuma tana iya kama matashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 mata.

Yadda ake gane ta

Cutar takan fara da ƙananan gaɓɓai, wato yatsun hannu, wuyan hannu da yatsun ƙafa, galibi hagu da dama a tare. Gaɓar ta kumbura, ta yi ɗumi, ta sandare da safe fiye da rabin sa'a kafin ta saki. Wannan ya bambanta ta da zaizayar guringuntsi mai zuwa da shekaru, wadda ta fi kama gwiwa da ƙugu, take tsananta da aiki, ta lafa da hutu. Likita kan tabbatar da cutar ta hanyar duba gaɓɓan, gwajin jini da hoton ƙashi.

Magunguna iri biyu

Kashi na farko su ne masu kashe zafi, irin su ibuprofen da diclofenac. Suna sauƙaƙa raɗaɗi, amma kumburin na ci gaba da cin guringuntsi da ƙashi a ɓoye. Daɗewa ana shan su na iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda wasu masu kemis kan cusa cikin haɗin da suke ƙulla wa mai ciwon jiki, suna kwantar da kumburi cikin sauri, sai dai yawan shan su na kawo ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe a kansu bai kamata ya daina farat ɗaya ba, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Kashi na biyu su ne masu dakatar da cutar kanta. Jagoransu shi ne methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako tare da folic acid, ana kuma bibiyar jini da hanta. Shan sa kullum bisa kuskure na iya kisa, kuma mai juna biyu ba ta shan sa. Akwai kuma sulfasalazine da hydroxychloroquine. Waɗannan kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, abin da ke sa wasu marasa lafiya yanke ƙauna su koma kemis. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wanda ya fara su a watannin farko ya fi samun damar tsira da gaɓɓansa, domin gaɓar da ta riga ta karkace magani ba ya miƙar da ita.

Abin da ke hannun mai ciwon

Motsa jiki daidai gwargwado, kamar tafiyar ƙasa da atisayen da ma'aikatan gashin ƙashi ke koyarwa, yana ƙarfafa tsokar da ke riƙe gaɓa. Gasa gaɓar da ruwan ɗumi da safe na rage sandarewa. Rage ƙiba na sauke wa gwiwa nauyi, barin taba kuwa wajibi ne, domin tana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, tana kuma rage tasirin magani.

Batun tsada

Jinyar ta tsawon shekaru ce, kuma ƙwararrun likitocin fannin kaɗan ne a Najeriya, galibinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma har yanzu akasarin 'yan ƙasa daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani. Tela ko mai sana'ar abinci da yatsunta suka karkace ta rasa hanyar cin abincinta, shi ya sa ya dace a riƙa tambayar hukumomin inshora na jihohi ko tsarinsu ya ƙunshi waɗannan magunguna da gwaje-gwajensu.