Naman Kazan da Ya Bi Bishiyar Fayin Zuwa Baƙunci

Idan ruwan damina ya kankama a Tamale, mai bin gefen lambunan Gumbihini ba zai rasa ganin laimar kwaɗi ta ɗago kai a jikin suri ko ruɓaɓɓen kututture ba. Wadda ake ci daga cikinsu, ita Bahaushe ke kira naman kaza. Amma akwai wani irin naman kaza da ba za a gan shi a unguwar nan ba komai yawan ruwan da aka yi, domin ba ya fitowa sai a gindin bishiya guda, wato fayin, bishiyar nan ta ƙasashen sanyi mai ganye siriri kamar allura. Kada mai karatu ya haɗa ta da dogayen itatuwan da ke fito idan iska ta kaɗa a bakin tekun Accra. Kama ce kawai, ba dangi ba ne.

Masana suna kiran wannan naman kaza Suillus luteus, kuma tun 1753 Linnaeus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, ya sa shi a littafinsa. Hularsa ruwan ƙasa ce, mai santsi kamar an shafe ta da man shanu, shi ya sa Rashawa suka raɗa masa suna daga kalmarsu ta man shanu. A ƙarƙashin hular babu tsage-tsagen da muka saba gani, sai ƙananan huji masu ruwan ɗorawa, kamar soso. Masu cinsa sukan ɓare fatar nan mai yauƙi kafin a dafa, don takan ɓata wa wasu ciki.

Abin da ya ɗaure shi da fayin, wani Bajamushe mai suna Albert Bernhard Frank ne ya bayyana asalinsa a 1885. Laimar da muke gani a sama 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin zare ne siriri da ke cikin ƙasa, wanda yake nannaɗe ƙananan saiwoyin bishiya, yana jawo mata ruwa da abincin ƙasa daga inda saiwa ba ta kaiwa, ita kuma tana biyansa da sukarin da ganyenta ya haɗa. Jikokin fataken goro ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Haka falke yake da mai masaukinsa a Salaga: wannan ya zo da kaya, wancan ya san gari, kowa ya ci riba.

Turawan mulkin mallaka sun sha wuya kafin su ɗauki wannan darasi. Suna son katako mai saurin girma, sai suka riƙa shigo da irin fayin zalla. Iri ya tsiro, ya yi ɗan tsawo, ganye ya koma ɗorawa, ya tsaya cik. A Kenya ba a ga haske ba sai a 1910, da aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a Afirka ta Kudu aka zuba a wurin renon dashe. Tun daga nan buhunan ƙasa suka riƙa ƙetare iyakoki, babu wanda ya san iya abin da ke cikinsu. A ciki har da masu guba: jan naman kaza mai ɗigo-ɗigon fari, wanda asalinsa na Turai ne, yau yana fitowa a gonakin fayin na kudancin Afirka. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum cin abin da bai sani ba don kawai ya gan shi a gindin bishiyar da ta dace.

A yankinmu, Najeriya ce ta fi zurfafa gwaji. An kafa tashar binciken itatuwan daji a Samaru ta Zariya a 1964, aka dasa fayin na yankin Karebiyan a tsaunukan Jos da kuma Afaka kusa da Kaduna. A kan tudu mai sanyi abin ya yi kyau. A ƙasa mai zafi kuwa abokin saiwar yakan kasa jure rana, bishiya ta bi shi. Sai da masana biyu 'yan Najeriya, Momoh da Gbadegesin, suka gwada wani iri mai jure zafi, Pisolithus tinctorius, sannan dashe ya ƙara kamawa. A nan Gana, a Kumasi, aka yi taron masana na duniya kan wannan zumunci na saiwa a 1978, kuma Peitsa Mikola na ƙasar Finlan ya tattara takardun taron suka zama littafi a 1980.

A wasu ƙasashe ɗan rakiyar ya zama abin kasuwa. Chile tana busar da shi tana sayarwa ƙasashen waje, a garin Salinas na tsaunukan Ecuador kuwa mutanen ƙauye sun kafa ƙungiyar busar da naman kazan da ya fito a gonakin da aka dasa domin katako.

To, zafin Tamale da dogon raninta ba na fayin ba ne, amma ba mu rasa namu ba. Doka da kawo suna da irin wannan zumunci da naman kaza, kuma a dazuzzukan doka na Benin da Burkina Faso masana sun tattara nau'o'i masu yawa da mutanen karkara ke ci, ciki har da masu soso a ƙarƙashin hula. Abin sha'awa, sunan kimiyya na bishiyar, Isoberlinia doka, da kalmar Hausa ya ƙare.

A ganina nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Buhunan gawayin da ke shigowa Tamale daga daji suke fitowa, kuma idan aka sare doka, naman kazan da ke manne da saiwarta yakan daina fitowa. Darbejiya da tik, waɗanda Turawa suka kawo daga Asiya kuma su aka fi dasawa a gurbin abin da aka sare, suna da nasu abokan saiwa, amma irin waɗanda ba sa fitar da laima a bisa ƙasa.