Darasin otizim ta waya: yadda ake gwada shi kafin ya isa hannun iyaye da malamai

Otizim lalura ce da ke shafar yadda yaro ke magana, hulɗa da mutane da jure ƙara ko sauyi. Wasu kan kira ta galahanga, duk da cewa mutane na amfani da wannan kalmar ga lalurori daban-daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. A unguwanninmu na Sabo a Ibadan ko Agege a Legas, galibi sai a ce aljanu ne, a tafi ruƙiyya, alhali yaron horo yake buƙata tun yana ƙarami.

A 2022 hukumar ta fitar da darasi kyauta a intanet don masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9. Asalinsa horo ne na ido-da-ido, zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda aka gwada a Habasha da Kenya. Ana koyar da yadda za a shigar da magana cikin wasa, wanka da cin abinci.

To amma darasi mai kyau bai amfani in mutum ya kasa shiga. Nan gwajin sauƙin amfani ke shigowa. Ana zaunar da uwa ko malami, a ba shi aiki, kamar ya yi rajista ya nemo darasi na biyu, yana faɗin abin da ke ransa, mai gwajin kuma ya yi shiru yana rubuta inda ya maƙale. Jakob Nielsen ya nuna cewa mutum 5 kan gano kusan kashi 85 na matsalolin. Bayan nan akwai tambayoyi 10 da John Brooke ya tsara a 1986, inda maki 68 ke matsayin tsaka-tsaki.

Sai dai su wane ne biyar ɗin? Malamin firamare a Ashige, ƙaramar hukumar Lafiya a Nasarawa, ba irin ma'aikacin banki a Ikeja ba ne. Wayarsa ƙarama ce, data da tsada, bidiyo na tsayawa, caji sai an kai shago, Hausa kuma ta fi masa Turanci sauƙi. In rajista ta nemi imel, da yawa nan suke ajiye wayar. Don haka gwajin da ya dace a Ashige a kan wayar malamin za a yi shi, da datarsa, a cikin ajinsa.