Abin da ya kai mutane bisa duwatsun Lawos

Ƴan uwa malamai da iyaye, na daɗe da yi muku alkawarin labarin tafiyar ƙasa ta kwana uku da na yi cikin duwatsun arewacin Lawos. Wani taron ƙara wa juna sani na malamai ne ya kai ni birnin Luwang Parabang. Da aka watse, ni da abokan taro biyar muka shiga mota zuwa Luwang Namta, kusa da iyakar Sin, muka ɗauki ɗan jagora muka nausa daji. Kallo ya kai ni, amma tun ranar farko tambaya ɗaya ta hana ni sakat: me zai sa mutum ya bar kwari mai ruwa da shinkafa, ya je ya kafa gida inda ko jaki sai ya sha wuya kafin ya hau? Da na bi diddigi sai na ga kowane ƙauye da muka shiga akwai dalilin tarihi da ya ajiye shi inda yake.

Lawos ba ta da gaɓar teku, kamar Nijar. Faɗinta murabba'in kilomita 236,800, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙasarmu ba, kuma mafi yawansa duwatsu ne da kurmi. Sin, Biyetnam, Kambodiya, Tailan da Miyanmar suka kewaye ta. Gwamnati ta amince da ƙabilu kusan 50. A ƙidayar 2015 ƙabilar Lawo, wadda ƙasar ta ci sunanta, ita ce kashi 53 cikin ɗari, Kamu kashi 11, Mong kashi 9, sauran suka raba abin da ya rage. An daɗe ana kasa mutanen ƙasar gida uku bisa tsawon inda suke zaune: na kwari, na gangaren dutse da na ƙololuwa. Har a jikin takardar kuɗinsu ta kip 1,000 akwai hoton mata uku, kowace da tufafin rukuninta.

Ranar farko mun yi kamar awa shida muna hawa da gangara cikin gora da manyan itatuwa, cikin sanyin Disamba, kafin mu isa wani ƙauyen Kamu a bakin rafi. Gidajen na gora ne, an ɗora su bisa dirkoki. Gonakinsu suna manne a jikin dutse: a sassabe daji, a cinna wuta idan ya bushe, a shuka shinkafar tudu da tsinin sanda, bayan girbi a bar wurin saura na shekaru a koma wani. Na faɗa wa jagoranmu tun farko cewa ba na cin alade ba na shan giya, sai uwar gida ta kawo mini shinkafa mai danƙo cikin ɗan kwando, da kifi da tsiron gora.

Jagoran namu saurayi ne ɗan Kamu. Da dare ya ba mu tatsuniyar da kusan kowa ya sani a ƙasar: wai cikin wani ƙaton duma mutane suka fito. Aka fara huda duman da jan ƙarfe mai wuta, waɗanda suka biyo ta wannan kafa suka yi baƙi, su ne Kamu. Daga baya aka tsaga wata kafa, masu hasken fata suka fito, su ne Lawo. Ya ce tun da su suka fara fitowa, ai su ne yayye. Masana tarihi ba su yi masa gardama ba, domin Kamu da danginsu sun riga Lawo zama a ƙasar. Amma da masu magana da harsunan Tai suka gangaro daga arewa suka mamaye kwaruruka, har Fa Ngum ya kafa daular Lan Sang a 1353, sai tsofaffin masu ƙasa suka koma gangaren dutse. Sunan da aka riƙa kiransu da shi ƙarni da ƙarni shi ne Ka, ma'anarsa bawa. Wa ne a tatsuniya, bawa a fada.

A 1893 Faransa ta kafa mulkinta a Lawos, ƴan shekaru kaɗan kafin sojojinta su iso ƙasar Damagaram. Abin da kakanninmu suka gani su ma sun gan shi: haraji bisa kowane baligi, da kwanakin aikin dole na gyaran hanya da ɗaukar kaya. Nasara ba ya hawa dutse da kansa, hakiman kwari yake turawa, su kuwa su ɗora rabonsu bisa abin da aka yanka. Shi ya sa mutanen dutse suka fi kowa tayar wa Faransa da hankali. A kudu, Ong Keo ya ta da bore a 1901. Aka kashe shi a 1910, Ong Kommadam ya ci gaba da yaƙin har 1936. A arewa, ƴan Mong ƙarƙashin Pa Chay sun yi yaƙi daga 1918 zuwa 1921, jim kaɗan bayan Kawsan ya kewaye Agadas. Faransawa suka raɗa wa wannan bore suna yaƙin mahaukaci. Mu malamai mun san wannan dabara ta mai mulki: wanda ya ƙi biyan haraji a ce ya tabu.

Rana ta biyu muka ƙara hawa zuwa wani ƙauyen Aka. Kafin shiga akwai ƙofar katako tsaye ita kaɗai bisa hanya, da gumakan namiji da mace a gefe. Jagora ya ja mana kunne kada kowa ya taɓa ta, don a wurinsu ita ce iyaka tsakanin duniyar mutane da ta iskoki. Aka da Mong ba su daɗe a Lawos kamar Kamu ba. Daga kudancin Sin suka gangaro, akasari cikin ƙarni na 19, suna gudun yaƙe-yaƙe da ƙuncin sarakuna. Sun tarar kwari da gangare duk da masu su, ƙololuwa kawai ta rage. A wannan tsawo abin da ya fi kawo kuɗi shi ne furen da ake tatsar ƙaronsa a yi ofiyom, mugun kayan maye. Gwamnatin mulkin mallaka ita kaɗai ke da ikon cinikinsa, kuma ya cika mata baitulmali.

A wannan ƙauye na yi abin kunya. Na ga wata tsohuwa da adon kai na azurfa, sai na ɗaga waya zan ɗauke ta hoto ban ko gaishe ta ba. Ta juya mini baya. Nan take na tuna yadda raina ke ɓaci idan na ga baƙi a Ingal suna cusa na'ura a fuskar makiyaya lokacin bikin gishiri. Na ajiye wayar, na sa jagora ya ba ta haƙuri. Da ta huce ta bar ni na duba adon da kyau. Cikinsa akwai tsofaffin sulallan azurfa na zamanin Faransa, da rubutun Faransanci a jiki, wanda na iya karantawa ita ba ta iya ba. Abin da na ɗauka adon gargajiya ne kawai, ashe tarihin mulkin mallaka ne take ɗauke da shi bisa kanta.

Faransa ba ta bar yankin da daɗin rai ba. Ta kwashi sojoji daga ƙasashenmu zuwa yaƙin Indoshin, cikinsu har da Seyni Kunce da Umaru Ganda, wanda daga baya ya yi fim ɗin Cabascabo kan ɗan mazan jiya da ya dawo daga can. Lawos ta samu ƴanci a 1953, amma hutu bai zo ba. Yaƙin Biyetnam ya malalo cikinta, ƙasa ta rabu tsakanin gwamnatin sarki da ƴan gurguzu na Patet Lawo, kuma kowane ɓangare a bisa dutse ya nemi mayaƙa. Hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta ba dubban ƴan Mong makamai ƙarƙashin Janar Vang Pao, wasu Mong ɗin da Kamu da yawa suka bi ɗaya ɓangaren. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zuba wa Lawos bam fiye da tan miliyan biyu. Da yawansu irin wanda ke buɗewa a sama ne ya watsa ƴaƴa masu girman lemu. An ƙiyasta ƴaƴan sun kai miliyan 270, kuma kusan miliyan 80 ba su fashe ba. Ɓarnar ta fi muni a lardin Siyang Kwang da kudu maso gabas, inda har yau manomi ke mutuwa da fartanya a hannu, yaro kuma ya tsinci abin ya ɗauka ƙwallo ce. Da ƴan gurguzu suka karɓi mulki ranar 2 ga Disamba 1975, dubban ƴan Mong suka tsallake kogin Mekong zuwa sansanonin Tailan, daga can da yawa suka wuce Amurka da Faransa.

Bayan yaƙi sai sabuwar gwamnati ta juya tarihi, ta ce mutane su sauko. Musamman daga shekarun 1990 aka riƙa tayar da ƙauyuka ana mayar da su bakin hanya, domin a hana ƙona daji da noman ofiyom, a kuma kusanto da su lakwal da likita. Wasu sun amfana. Wasu kuwa, da suka saba da sanyin ƙololuwa inda sauro ba shi da yawa, zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna, ga ƙarancin ƙasar noma. A 2006 aka bayyana cewa Lawos ta kusa rabuwa da ofiyom gaba ɗaya. A hanyarmu ta fita mun ratsa gonakin roba jere bisa duwatsun da dā shinkafa ake nomawa, kuma Sin ake kai ƙaron. Ita kanta tafiyar da muka yi ƴar wannan zamani ce. A 1999 aka fara shirin yawon buɗe ido na gandun dajin Nam Ha tare da UNESCO, bisa sharaɗin a shiga da ɗan jagora na yankin, baƙi kada su yi yawa, ƙauye kuma ya samu rabonsa na kuɗin kwana da abinci. Tun Disamba 2021 jirgin ƙasa na tafiya daga Biyantiyan zuwa iyakar Sin ta cikin wannan lardi, baƙi sai ƙaruwa suke.

Safiyar rana ta uku na roƙi a bar ni na leƙa lakwal ɗin ƙauyen Aka. Ɗaki biyu ne na katako. A bango akwai hoton ƴaƴan bam da gargaɗin kada a taɓa. Malamin daga kwari aka turo shi, ba ya jin harshen Aka sosai, yaran aji ɗaya kuwa ba su jin Lawo, wanda shi ne harshen koyarwa a ƙasar duka. Yana faɗa suna maimaitawa da ƙarfi, idanunsu ba su nuna sun gane ba. Na san wannan kallo, don na yi shi da kaina shekarar da aka sa ni lakwal ana yi mini Faransanci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, iyayen waɗannan yara suna iya jero sunayen kakanninsu fiye da hamsin da ka, ɗaya bayan ɗaya, amma wannan ilimi ba shi da mazauni cikin aji.

Kada a ce mutanen dutse ba su nemi karatu ba. Kommadam ya ƙirƙiro wa mutanensa baƙaƙen rubutu yana tsakiyar yaƙi. A 1959 wani manomi mai suna Shong Lue Yang, wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ya fito da rubutun Mong na kansa, mutane suka yi ta zuwa koyo. Kowane ɓangare na yaƙin ya zarge shi da yi wa ɗaya aiki, aka kashe shi a 1971. Masu mulki sun fahimci abin da ke faruwa idan talaka ya fara rubuta harshensa.

Mu a nan mun daɗe muna kokawar a koyar da yaro da harshen uwarsa, tun lakwal ɗin gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, kuma na yi murna kamar kowane Bahaushe. Amma a cikin wancan ɗakin katako na gane cewa a ƙasarmu mu ne mutanen kwari. Yaron Tubawa, na Gurmawa, na Buduma ko na Fulanin daji da aka kawo ajinmu yana iya zama gabanmu da irin idanun yaran Aka, kuma akwai tarihin da ya ajiye iyayensa inda suke, ko fari, ko haraji, ko yaƙi.

Ga abin da na fara yi tun dawowata, wanda nake roƙon abokan aiki su gwada. A farkon shekara ina tambayar kowane yaro harshen da ake yi a gidansu, in koyi gaisuwa da ƙidaya zuwa goma cikinsa, in yi su gaban aji ko da za a yi mini dariya. Ina ba su aikin gida su tambayi tsofaffi daga ina aka taso kafin a zauna garin nan, kuma me ya taso da su. Iyaye, idan yaro ya zo da wannan tambaya a ba shi amsa, kada a kore shi. Sannan a lura da sunayen raini da yara ke ji a bakinmu game da wasu ƙabilu, domin kalmar Ka ma a bakin manya yaran Lawo suka koye ta. Jagoranmu ya ce mini har yanzu yakan ji ta wani lokaci a kasuwa, ko da yake ba a rubuta ta a takardar hukuma.