Alƙalami a Zango, Maɗaba'a a Nesa: Tarihin Fitar da Littafi Tsakanin Hausawan Accra

Gabatarwa

Duk wanda ya bi babban titin Nima zuwa Mamobi a birnin Accra, wanda dattawa ke kira Ankara, da Hausa zai ji ana ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake sulhu tsakanin maƙwabta. Bagwanje da Bazabarme da Bamoshe da Bakotokoli duk a kanta suke haɗuwa. Amma idan ya tsaya wurin masu sayar da littattafai a ƙofar masallaci, abin da zai tarar mafi yawa na Larabci ne da aka shigo da shi daga waje, sai kuma na Turanci. Littafin Hausa da ɗan Zango ya rubuta, aka buga a Accra, abu ne mai wuyar samu.

Wannan nazari ya bi sawun dalilin haka. Aikin ƙaramin kamfanin ɗab'i iri uku ne: ya yawaita kwafin littafi, ya kai shi ga mai karatu, sannan ya riƙa sanar da jama'a labarin marubucin da abin da yake shirin fitarwa. A tarihin Zango an yi waɗannan ayyuka duka, sai dai a warwatse suke a hannun magatakarda da fatake da baƙin manazarta, ba su taɓa taruwa a gida ɗaya ba.

Daga Gwanja zuwa bakin teku

Fataucin goro ne ya kawo Hausawa wannan yanki. Ayarin fatake daga Kano da Katsina kan ɗauki watanni kafin ya sauka a Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, kuma kusan kowane ayari yana tafe da malaminsa mai riƙe da lissafi da rubuta wasiƙa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa mazaunanta zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Accra.

A Accra kuwa an riga an sami al'ummar Musulmi ta 'yan kasuwa da tsofaffin sojojin da Turawa ke kira rundunar Hausa. Malam Idrisu Naino ne ya jagoranci tsohon Zango a ƙarshen ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Girgizar ƙasar 1939 da barikokin sojan yaƙin duniya na biyu suka ƙara cika unguwar da baƙi, har ta bazu zuwa Mamobi. Kowace sabuwar unguwa da masallacinta da makarantar allonta take tashi, don haka rubutu ya shigo Zango tun ranar da aka kafa shi.

Alhaji Umaru da hanyar yaɗa rubutu kafin inji

Marubucin da ya fi kowa suna a wannan tarihi shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya zauna a Salaga, daga bisani ya koma Kete-Krachi inda ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Tun yana saurayi ya tsara littafin koyon rubuta wasiƙa da Larabci, abin da fatake da sarakuna ke matuƙar bukata. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar murar 1918, ya kuma mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

Yaya rubutunsa ya kai Kumasi da Accra alhali ba shi da maɗaba'a? Ɗalibi ne kamfaninsa. Almajiri zai zauna gaban malam ya kwafe waƙar da tawada da alƙalamin kara, ya karanta masa don a gyara, sannan ya naɗe ta cikin gafaka ya tafi garinsu. A can wani ya ara ya kwafa. A ƙarshen kwafin magatakarda yakan rubuta sunansa, da sunan wanda aka yi wa kwafin, wani lokaci da ranar gamawa, ya rufe da addu'a. Waɗannan 'yan layuka na ƙarshe su ne sanarwar wancan zamani: daga gare su mai karatu ke sanin wane ne mawallafin, yana raye ko ya rasu, kuma ta hannun wa littafin ya biyo. Fatake kuma su ke kai labari baki da baki cewa malam ya yi sabuwar waƙa.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa, domin ba ya bukatar jari, kuma littafi ba ya rabuwa da malamin da zai fassara shi. Rauninsa shi ne kwafi kaɗan ne, gara da gobara da ruwan sama kuma ba sa jin roƙo.

Lokacin da inji ya zo, a ƙasar wasu yake

Sa'ad da rubutun Hausawan wannan ƙasa ya fara shiga injin ɗab'i, injin yana can nesa. Jami'in mulkin mallakar Jamus a Kete-Krachi, Adam Mischlich, ya nemi Alhaji Umaru ya rubuta masa tarihi da al'adun ƙasar Hausa da ajami. Takardun suka tafi Jamus, aka buga wasu a mujallun masana na can, sauran kuwa sai a shekarar 2000 masanin Hausa ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya fitar da su a littafi a Berlin. Wasu daga ayyukansa na Larabci kuma a Alƙahira aka buga su, suka dawo Zango a cikin kayan alhazai da 'yan kasuwa kamar baƙi.

Haka abin ya kasance da Malam Shaihu. Shi ne ya rubuta wa Baturen mulki R. S. Rattray tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami a ƙasar Gold Coast, aka buga su a Oxford a 1913 cikin juzu'i biyu, har da hoton rubutun hannunsa shafi bayan shafi. Sunan Rattray ne ya fito a kan littafin, na Malam Shaihu sai an shiga gabatarwa. Littafin yana cikin manyan taskokin zuben Hausa na farko da aka buga, amma an yi shi ne don Turawa masu koyon harshe, ba don yaran Zango da aka ɗebo tatsuniyoyin daga bakin iyayensu ba.

Ko babban aikin ceto da aka yi bayan samun 'yancin kai a 1957 bai sauya wannan ba. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda Thomas Hodgkin ya fara shugabanta, ta soma tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami a farkon shekarun 1960 ƙarƙashin kulawar Ivor Wilks. Alhaji Usmanu Isiyaka Boyo ya zaga garuruwa yana aro littattafai daga malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. An tara ɗaruruwa, an tsirar da su daga ɓacewa. Daga Nima zuwa Legon tafiyar 'yan kilomitoci ce, amma taskar ta zama ta masu bincike, ba a mayar da ita ƙananan littattafai masu araha da za a sayar a ƙofar masallaci ba.

Harshen rediyo, ba na aji ba

A Arewacin Nijeriya hukuma ta taka babbar rawa wajen ɗora Hausar boko a kan injin ɗab'i: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945, sannan NORLA, sannan NNPC a 1966. A Gana ma an kafa hukumar buga littattafai da harsunan gida a 1951, wadda ta zama Hukumar Harsunan Gana. Harsuna goma sha ɗaya take wa hidima, irin su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja. Hausa ba ta cikinsu, domin ana ɗaukarta harshen baƙi, ba na wata ƙasa ta gado a cikin Gana ba.

Abin mamaki, gidan rediyon ƙasar ya daɗe da sanya Hausa cikin harsunan da yake watsa labarai da su. Wato hukuma ta yarda Hausa harshen kunne ce, ba ta ba ta gurbi a allon makaranta ba. Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, zamanin Firaminista Busia, ta ƙara dagula lamarin: dubban mazauna Zango suka bar ƙasar, waɗanda suka rage kuma suka ga cewa jaddada asalin waje ba shi da riba. Da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantun Islamiyya suka haɗa Larabci da Turanci. Hausa ta ci gaba da zama harshen da malam ke bayani da shi, ba wanda ake jarrabawa a kansa ba. Sakamakon shi ne yaro ya tashi yana karanta harsuna biyu, yana magana da na uku wanda bai saba ganinsa a rubuce ba. Ajami yana ja da baya tare da tsofaffi, bokon Hausa kuma ba a koyar da shi ba.

Abin da Kano ta yi, da abin da ƙananan kamfanoni suka yi wa Zango

Kwatanci da Kano yana haskaka giɓin. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan marubuta a can suka daina jiran manyan kamfanoni, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin fitattunta, ta mayar da shafukan littafi dandalin sanarwa: jerin littattafan 'yan ƙungiya, waɗanda ke nan tafe, da hotunan marubuta. Wannan ya yiwu ne domin akwai masu karatu da makaranta ta riga ta koya wa Hausar boko. Finafinan Kano sun samu karɓuwa a Nima da Mamobi fiye da littattafanta, kuma dalilin a fili yake: fim kunne da ido yake nema.

Duk da haka ƙananan masu ɗab'i ba su bar Zango ba. Kathy Knowles, 'yar ƙasar Kanada, ta fara karanta wa yara littafi a lambun gidanta da ke Accra a 1990. Daga nan asusun ɗakunan karatu na yara na Osu ya samo asali, ya buɗe ɗakin karatu a Nima a 1998, ya kuma shiga buga ƙananan littattafai masu hotunan yaran Gana da rayuwarsu ta yau da kullum. Kamfanin Sub-Saharan Publishers na Akoss Ofori-Mensah da ke Accra ya fitar da jerin labaran wata yarinya mai suna Fati tare da wannan asusu. A fagen adabin manya, Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a Amurka a 2005. Ayesha Harruna Attah kuma ta koma Salaga ta zamanin yaƙin basasa a cikin The Hundred Wells of Salaga, wanda kamfanin Cassava Republic mai tushe a Abuja ya buga a 2018.

Waɗannan ayyuka sun shigar da Zango cikin littafi, kuma abin yabo ne. Sai dai da Turanci aka rubuta su. Zango ya zama abin ba da labari a kansa, harshensa kuwa yana leƙowa ne kawai a sunayen mutane da na abinci.

Tambayar da ke jiran mai ɗab'i na farko

Duk wanda zai kafa ƙaramin kamfanin littattafan Hausa a Nima zai fuskanci tambayar da Zariya ba ta fuskanta ba: wace Hausa? Masana harshe suna kiran karin wannan ƙasa Gananci, kuma fitacciyar alamarsa ita ce raunin bambancin jinsi tsakanin namiji da tamace a nahawu, ga kalmomin aro daga Twi da Ga da Turanci. Idan aka buga da daidaitacciyar Hausa, littafin zai iya shiga kasuwar Kano da Maraɗi, amma ɗan Mamobi zai ji kamar baƙo ke masa magana. Idan aka buga da Gananci, zai ji muryar gidansu, amma sai an tsara masa ƙa'idar rubutu. Ga kuma zaɓi tsakanin boko da ajami, wanda har yanzu yake da makaranta a cikin tsofaffin almajirai.

Hanya mafi kusa ita ce wadda tarihi ya riga ya share: a fara da abin da ke ajiye. Waƙoƙin Hausa na Alhaji Umaru da tatsuniyoyin Malam Shaihu za su iya fitowa a ƙananan littattafai, ajami a shafi ɗaya, boko a ɗayan, yadda kaka da jika za su karanta tare.

Kammalawa

Tarihin littafi a Zangon Accra tarihin marubuta ne da suka riga masu ɗab'insu zuwa. An yi rubutu mai daraja tun ƙarni na 19, amma Berlin da Oxford da Alƙahira ne suka buga shi, Legon ta adana shi, rediyo kuma ya riƙe harshen a kunne. A 2017 gwamnati ta kafa asusun raya unguwannin Zango, a 2023 kuma Accra ta riƙe kambun UNESCO na babban birnin littafi na duniya. Magudanan ruwa da azuzuwa bukatu ne na gaske, amma harshen da ba a rubuta shi yakan rasa tsofaffin kalmominsa da rasuwar kowane dattijo. Wanda ya fara haɗa aikin magatakarda da na fatake a shago ɗaya a Nima, ya buga, ya rarraba, ya kuma sanar da jama'a cewa wane ya yi sabon littafi, shi ne zai cike gurbin da ya fi shekara ɗari a buɗe.