Butan, masarautar da ta sa daji a cikin tsarin mulki

Duk wanda ya tashi a garinmu Zakka ya san ba a jifar shamuwa. Gab da damina za ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiyar tsakiyar gari, yaro mai danƙo ya ɗaga kai ya gan ta, ya wuce abinsa. Ba dokar kowa ba ce, tarbiyya ce kawai. A kwarin Phobjikha na ƙasar Butan ma akwai wani tsuntsu, dangin gauraka mai baƙin wuya, da ke saukowa daga Tibet duk lokacin sanyi. Da aka tashi kai wa kwarin lantarki, sai aka binne wayoyin a ƙasa don kada su sarƙe masa fukafukai.

Butan 'yar ƙaramar masarauta ce a duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin. Ta ɗara Jihar Katsina faɗi, amma mutanenta ba su kai dubu 800 ba, akasarinsu mabiya addinin Buda. Wanda ya ɗinke ta wani malamin addinin ne, Ngawang Namgyal, da rikicin gado ya koro daga Tibet a 1616. Ya bi kwari-kwari yana gina ganuwoyin da suke kira zong, irin na Simtokha a 1629 da na Punakha a 1637: sashe guda na masu ibada, sashe guda na masu mulki, ƙofar shiga ɗaya. Da ya rasu a 1651, fadawansa suka ɓoye mutuwar sama da shekara hamsin, suna cewa ya shiga halwa, don tsoron kada ƙasar ta watse. Duk da haka hakimai sun daɗe suna gwabzawa, har ranar 17 ga Disamba 1907, lokacin da aka naɗa Ugyen Wangchuck sarki na farko, shekara huɗu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Zuri'arsa ce ke kan gado har yau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daji. Mutanen Butan sun yi imani cewa duwatsu da tafkuna da wasu itatuwa na da masu su, kamar yadda kakanninmu ke kaffa-kaffa da wata kuka. Ni Musulmi ne, ban yarda da wannan ba. Amma sarakunansu ba su bar daji a hannun tsoron iskoki kaɗai ba. A 1969 aka yi dokar da ta mayar da dazuzzuka hannun hukuma. A 2003 aka haramta hawan manyan duwatsu, shi ya sa har yau ba a taka ƙololuwar Gangkhar Puensum mai tsayin mita 7,570 ba. Tsarin mulkin 2008 kuma ya wajabta cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ya zauna daji har abada. Yanzu kusan kashi 70 ne.

A nan zuciyata ke komawa Rugu. Dajin da dattawan Safana da Batsari ke ba da labarin duhuwarsa da namun dawansa, shi ma a takarda hurumi ne. Sai dai gatari ya ci rabonsa, buhunan gawayi sun bi mota zuwa birni, gona ta cinye burtali, abin da ya rage kuma ya zama mafakar 'yan bindiga. Doka muna da ita. Mai tsaya mata ne ya yi ƙaranci.

Amma kada a ɗauka Butan aljannar duniya ce, duk da sunan da ta yi wajen auna ci gaba da farin cikin jama'a. Hannun da ya kare itace shi ne ya kori mutane. A 1989 aka tilasta wa kowa tufafin mutanen arewacin ƙasar, aka cire harshen Nepal daga makarantu. Mutanen kudu masu wannan harshe, yawancinsu 'yan Hindu, aka ce su kawo shaidar zama tun 1958, galibi rasidin harajin gona. Zuwa farkon shekarun 1990 dubun dubatarsu sun bar gidajensu, har sansanonin gabashin Nepal suka tara sama da mutum dubu ɗari. Sun yi kusan shekara ashirin a bukkokin gora kafin a kwashe mafi yawansu zuwa Amurka da wasu ƙasashe. Mu da muka ga matan ƙauyukanmu da goyo a baya suna kwana a azuzuwan firamare a Batsari, ba sai an fassara mana wannan ba.